Wutar da Zamani Bai Kunna Ba

Duk wanda ya yi cinikin citta a Kafanchan bayan yaƙin basasa ya san Zamani, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ranƙwafaffiyar kafaɗa da ke zama a bakin siton Alhaji Musbahu, basilla a hannu, zaren rama a baki, yana ɗinke bakin buhu. Wasu su auna, wasu su ɗura, wasu su jijjiga buhun har citta ta zauna, sa'an nan a turo masa. Buhun da ya rufe yakan hau jirgin ƙasa ya tafi har bakin teku, ya sha jifa a hannun leburori, ɗinkin bai warware ba.

Ƙamshin citta ya zauna masa a jiki, sabulu ba ya iya masa. Ran Lahadi idan ya shiga majami'a, na gaba sukan san ya iso tun ba su waiwaya ba. Wani lokaci wani tsoho ya yi atishawa ana tsakiyar addu'a, yara su ƙunshe dariya.

Mutumin wani ƙauye ne da ke gindin duwatsu kusa da Kwoi. Da damina manomi ne kamar kowa: ya binne irin citta, ya lulluɓe ta da ganye, ya jira. Idan ruwa ya ɗauke, aka tone, aka tsaga, aka shanya, sai ya bi cittar zuwa Kafanchan ya kama ɗinki. A zauren siton yake kwana, ran Asabar ya hau motar katako ya koma wajen matarsa Afiniki da 'yarsu Paulina. Da yarensu yake addu'a idan abu ya dame shi, da Hausa yake ciniki. Turanci kuwa sai abin da ke jikin buhu, shi ma siffarsa ya sani, ba karatunsa ba.

Abin da ya fi fitowa a halinsa shi ne tsoron kaki. Yana yaro ya ga an wuce da wani mutum ta bayan gidansu, igiya a ƙugu, ɗan doka yana biye. Mutumin bai ƙara dawowa garin ba, babu kuma wanda ya gaya wa yara dalili. Tun daga nan, ko mai duba tikiti ya gani a tasha sai ya cire hula ya raɓe gefe. Alhaji Musbahu ya gano wannan, ya mai da shi abin tsokana. Da masinjan gidan waya ya kunno kai a kan keke, sai ya ce, "Zamani, tashi, naka sun iso." Zamani yakan yi dariya, amma sai masinjan ya tafi.

A ƙauyensu akwai wata al'ada da ta girmi majami'a, majami'ar kuma da ta zo ba ta ga dalilin taɓa ta ba. Idan ɗan gida ya yi ɓarna, ba a kiran sunansa a gaban mutanen waje, shi ma ba ya fitowa. Babban gidan ne zai ja akuya, ba hula ba takalmi, ya je ya durƙusa gaban waɗanda aka yi wa ɓarnar, ya ce hannunsa ne ya yi. Kowa ya san ba hannunsa ba ne, ba wanda zai tambaya. A karɓi akuyar, a faɗi abin da gidan zai gyara, a ci nama tare, magana ta mutu. Wanda kuwa ya nuna ƙaninsa ga mutanen waje, cewa ake ya sayar da shi, kalmar kuma takan bi mutum har kan 'ya'yansa. Zamani ya ga mahaifinsa ya yi wannan durƙuso lokacin da aladun wani baffansu suka tone gonar gwazan maƙwabta. Da mahaifin ya rasu, durƙuson ya zama nasa, domin shi ne babba.

Ƙani guda yake da shi, Silvanus. Ya shiga soja yana saurayi mai surutu, ya dawo daga yaƙi kamar an ɗebe masa magana. Ba ya iya zama a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, har ya cire ƙyauren ɗakinsa ya jingine a bango. Idan kwano ya faɗi, sai ya zabura ya dafa ƙasa. Daji kaɗai ke kwantar masa da hankali, saboda haka ya kama farautar gafiya shi kaɗai.

Wata Talata da rana, a ranin 1974, Silvanus ya cusa busasshiyar ciyawa a ramin gafiya ya ƙyasta ashana, don hayaƙi ya koro ta. Iska ta juya. Wutar ta fita daga ramin ta kama busasshiyar ciyawar jan baƙi da ke gefe, ta bi gangara da gudun da ya fi na mutum, ta isa falalen dutsen da maƙwabciyarsu, Mama Magdalene, ta shanya cittarta ta shekara. Daga nan ta tsallaka ta kama jinkar rumbunta na acca. Tsohuwar gwauruwa ce, ba kowa a gida. Ta shiga jan tabarmin citta, zanenta ya kama. Kafin mutane su zo daga gona, hannunta da gefen jikinta sun ƙone. Aka ɗauke ta zuwa asibiti a Kafanchan.

Labari ya iske Zamani washegari yana kan ɗinki. Ya ajiye basilla ya roƙi izini bai faɗi dalili ba, ya tafi gida. Bai yi wa Silvanus faɗa ba, ya same shi ne zaune a bayan rumbu yana kallon tafin hannunsa. Ya kwance akuyar da suke kiwo don Kirsimeti mai zuwa, ya tuɓe takalmi, ya tafi gindin ɗorawar da dangin Mama Magdalene suka taru. Ya durƙusa ya ce hannunsa ne ya yi. Aka karɓa. Aka ce gidansu zai sake gina rumbu, ya cika shi, ya kuma noma gonarta da damina. Aka yanka akuyar. A wajen kowa, magana ta ƙare.

Sai dai maganar ta riga ta fita daga ƙauyen. A asibiti an ga irin ƙunar, an tambayi yadda aka yi, aka sanar da 'yan sanda kamar yadda aka saba. Ran Asabar wani kofur ya iso a kan keke. Ya gai da dattawa da ladabi, ya sha ruwa, ya je ya ga toka, sa'an nan ya tambaya wa ya kunna wutar. Dattawa suka dubi Zamani. Su a tunaninsu, wannan baƙo ne da bai sami labarin cewa an gama ba, za a maimaita masa, ya koma.

Zamani ya miƙe, ya ce shi ne. Kofur ya sake tambaya ko ya san abin da yake faɗa. Ya ce ya sani. Haka ya faɗa a caji ofis, haka ya faɗa a kotun majistare ran Litinin. Ya ɗauka majistaren shi ne dattijon wurin, zai ji, ya ƙara musu wani aikin gyara, ya sallame shi. Majistaren ya tambayi sajen da ke gabatar da ƙara halin da matar take ciki. Saje ya ce likita bai ce komai ba tukuna. Sai aka ɗage zaman, aka ce a tsare shi a gidan yari har a ga yadda jikinta zai yi.

A ɗakin da aka sa shi akwai wani Nuru, ɗan sane ne da ya yi suna a tashar jirgi, wanda gidan yari ya zame masa kamar gidan kawu. Shi ya matsa masa wuri, ya tambayi abin da ya kawo shi. Zamani ya ba shi labari a hankali, bai ambaci ƙaninsa ba, ya dai ce gobara ce, an riga an daidaita a gida, yana jiran babban mutumin ne ya faɗi abin da za su ƙara.

Nuru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To Baba, ina akuyar? Ko ka ɗaure ta wajen gandiroba?"

Da ya ga fuskar Zamani, sai ya bar dariyar. Ya ce masa nan ba a karɓar akuya. Wutar da ta ci rumbu shekaru ce. Idan kuma tsohuwar ta mutu, wannan kotun ma ba ta isa ba, babbar kotu za a tura shi, inda alƙalai ke sa jar riga da hular gashi.

"Can ba a cewa a gyara," in ji Nuru. "Can igiya ce."

Nuru ya ƙara gishiri. Doka tana bambanta wanda ya kunna wuta da niyyar ɓarna da wanda ya yi sakaci wuta ta kufce masa, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce. Amma a ɗakin nan ba wanda zai gaya wa Zamani haka. Lokacin kuma ana yawan jin labarin 'yan fashi da ake ɗaurewa a jikin ganguna a harbe a bainar jama'a, shi kuwa bai san bambancin laifi da laifi ba. A tsakar gidan yarin akwai gangunan ruwa jere. Duk sanda aka fito da su shan iska ya hango su, sai ya kawar da kai.

Ya daina cin abinci, sai Nuru ya matsa masa. Hannunsa da ya saba da basilla ya rasa abin riƙewa. Kowace safiya da aka taɓa kwaɗon ƙofa, sai ya kasa kunne, yana jiran a kira sunansa a ce tsohuwar ta cika. Bai yi wa mahaifiyarsa addu'a a ciwon ajalinta kamar yadda ya yi wa Mama Magdalene ba. Ya roƙi Ubangiji ya riƙe numfashinta, ya roƙa da yarensu, ya sake roƙa da Hausa, don kada a ce ba a ji ba. Daga nesa jiragen ƙasa suna kuka suna fita gari, ya san wasu na ɗauke da buhunan da ya ɗinke.

Afiniki ta zo ganinsa da tuwon acca a kwano. 'Yar gajeruwa ce mai saurin tafiya, mawaƙiya a zumuntar mata, amma ranar muryarta ba ta fita sosai. Ta ce ta biya asibiti. Ciwon ya yi ruwa, zazzaɓi ya hau, tsohuwar tana kiran sunan mijinta da ya daɗe da mutuwa. Ta ce ta je wajen baffanninsa, sun ce ta yi haƙuri, an karɓi akuya, gwamnati ma za ta gane. Ita matar da aka auro ce, ba ta da baki a maganar gidan.

"Baban Paulina," ta ce, "ka faɗa musu gaskiya."

"In sayar da shi?"

"Ban ce ka kira sunan kowa ba."

Ya ce ta dubi ƙofar nan da kyau, ta dubi kaurin ƙarfenta. Silvanus ba zai yi mako a bayanta da hankalinsa ba. Ta tambaye shi, shi fa, da me aka yi nasa hankalin? Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Ta karɓi kwanon, ta ga bai ci ko rabi ba.

Daga ƙofar gidan yarin ba ta nufi tashar mota ba. Ta bi ta kasuwa, tana tafe tana waiwaye kamar wani daga ƙauye zai gan ta, har siton Alhaji Musbahu. Wani ne zaune a kan kujerar mijinta yana ɗinki. Tun da aka kama Zamani leburori ke ta gunaguni cewa ya kamata a ba sabon wurin gaba ɗaya, ai fursuna ba ya dawowa aiki. Alhaji ya ce musu kotu ba ta ce mutumin ya yi laifi ba tukuna, shi kuma bai fi kotu ba, saboda haka aron kujera aka ba sabon. Amma shi ma ya ɗauka Zamani ne ya yi, tun da da bakinsa ya amsa. Zatonsa abin ya faru ne a ɗaya daga ranakun da yakan koma gida.

Afiniki ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi. Ya amsa, ya yi mata jaje, ya tambayi Paulina. Ya ɗauka taimakon abinci ta zo nema. Sa'an nan ta ce, "Alhaji, Talatar nan kafin a kama shi, ina Baban Paulina yake?"

Bai sha wahalar tunawa ba. Ranar ce aka ba su tarago a tasha, suka yi ta lodi tun safe har almuru, Zamani bai tashi daga kan kujera ba sai don ya sha ruwa. Alhaji da kansa ya sa aka sayo masa ƙosai da rana saboda ya ƙi tafiya cin abinci.

"Talata aka yi gobarar?"

Ta gyaɗa kai.

"To wa ya kunna, Maman Paulina?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce tambaya ɗaya ta kawo, ta kuma yi ta.

Alhaji Musbahu ɗan kasuwa ne da kakanninsa suka zauna a garin tun kafin a shimfiɗa layin dogo, kuma duk rayuwarsa bai taɓa taka caji ofis ba, yana alfahari da haka. Ya zauna yana jan gemu. Ya san zai shiga maganar da ba tasa ba, tsakanin mutanen da yake sayen cittarsu kowace shekara, waɗanda za su iya kai kayansu wani siton. Ya ce wa Afiniki ita da mijinta za su sa masa hawan jini. Sai ya jawo takalmansa, ya tafi neman saje.

Ranar da aka koma kotu, baffannin Zamani suna zaune a bencin baya, sun sa rigunansu na Lahadi. Afiniki tana can gefe ita kaɗai. Silvanus ya zo, amma bai shiga ba, ya tsaya a waje jikin taga. Aka kawo Zamani aka sa shi a akwatin tsayuwa. Ya rame har wandonsa sai da aka ɗaure da tsumma. Ya riƙe katakon da hannu biyu.

Majistaren mutum ne mai furfura a gefen kunne, ba ɗan yankin ba, da Turanci yake magana, tafinta yana juyawa zuwa Hausa. Saje ya ba da labari cewa matar tana nan da rai, amma likita bai sallame ta ba. Majistare ya juyo wajen Zamani. Ya ce tun da ya amsa, yana so ya ji yadda aka yi. Da me ya kunna? Ya ce da ashana. Don me? Don gafiya. Ramin yana ina, gabas da falalen dutsen ko yamma? Zamani ya ce yamma. Majistare ya dubi saje, saje ya ce kofur ya ga ramin a gabas. Da wutar ta kufce, me ya yi, ina ya gudu, wa ya fara gani? A gindin ɗorawa ba a taɓa yi wa babba irin wannan tambaya ba.

Sai saje ya ce akwai wani mutum da ya zo da kansa, yana ganin ya kamata kotu ta ji shi. Aka kira Alhaji Musbahu. Ya rantse da Alƙur'ani, ya faɗi abin da ya sani game da Talatar nan, taragon, lodin, har da ƙosan. Ya ce in ana so, leburorinsa duka za su zo su faɗa. Yana magana bai dubi Zamani ba. Zamani kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Ya ji an tuɓe shi a gaban baffanninsa.

Majistare ya cire tabarau, ya tambayi tafinta ko akwai abin da shi bai gane ba. Tafinta ɗan yankin ne, ya yi masa bayanin durƙuso da akuya a taƙaice. Majistare ya saurara bai yi murmushi ba. Soja ke mulki a lokacin, sun jingine sassa da dama na tsarin mulki, amma a kotu ƙa'idar tana nan: mutum marar laifi ne sai an tabbatar da laifinsa, kuma ba a ɗora wa wani abin da wani ya aikata.

"Gaya masa," in ji majistare, "ban raina al'adarsu ba. Rumbun da suka ce za su gina, su gina. Amma kotu ba ta hukunta gida, mutum take hukuntawa, mutumin da ya aikata. Ko ya roƙe ni in ɗaure shi, ba ni da ikon ɗaure wanda bai yi ba. Gaya masa kuma, ruɗar da kotu shi ma laifi ne, ina yi masa uzuri ne don na ga bai sani ba. Zan tambaye shi sau ɗaya. Shi ya kunna wutar?"

Tafinta ya juya maganar. Zamani ya sunkuyo wajensa ya yi raɗa: idan ya ce ba shi ba ne, za a tambaye shi ko wane ne? Tafinta ya isar. Majistare ya ce wanda ke tsaye a akwatin nan ba a tilasta masa magana, neman mai laifi aikin 'yan sanda ne, shi tambayarsa a kan Zamani kaɗai take.

A idon doka wannan ƙofa ce aka buɗe masa. A idon Zamani ba haka ba ne. Maza biyu ne a gidansu. An riga an ji cewa gidansu ne ya ja akuya. Idan ya cire kansa, mutum ɗaya ya rage, ko yaro ya iya wannan. Ya dubi bencin baya. Babban baffansa ya kafe shi da ido, ya ɗan girgiza kai. Ya dubi Afiniki, ta haɗa hannu a ƙirji, leɓɓanta suna motsi. Tagar ce kaɗai bai iya duba ba. Ya tuna tsohuwar da ke kwance tana kiran matacce, ya tuna jar rigar da Nuru ya faɗa. Kotun ta yi tsit har ana jin mai tallar rake a titi.

Ya yi magana, ba wanda ya ji. Tafinta ya ce ya ɗaga murya.

"Ba ni ba ne, ranka ya daɗe."

Aka sallame shi nan take. Da ya fito, rana ta kashe masa ido. Baffanninsa sun riga sun kama hanyar tasha, ba wanda ya waiwayo. Jikin tagar ba kowa. Alhaji Musbahu ya zo wucewa ya ce masa ya huta, Litinin ya dawo aiki, sabon nan ɗinkinsa kamar na makaho. Zamani ya gyaɗa kai kawai. A tasha ya bar motar farko ta tafi don baffannin suna ciki. Ta biyu ma sai da Afiniki ta ja shi.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Mama Magdalene ta tashi, ta rayu shekaru da hannu ɗaya a ƙanƙame. Kotu ta ce abin da Silvanus ya yi sakaci ne, ba niyya ba, ta ba shi 'yan watanni. Zamani ya gina rumbun, ya cika shi, ya noma gonar. Ya ci gaba da ɗinkin buhu har idonsa ya daina ganin kafar basilla. Ba a taɓa faɗa masa kalmar nan ta sayar da ƙani a fuska ba, amma an daina kiransa idan dattawa za su zauna, Paulina kuma ta ji ta a makaranta.

Sai dai ranar da kofur ya dawo ƙauyen, ba wanda ya san ko ɗaya daga cikin wannan tukuna. Tsohuwar tana asibiti, rai a hannun Allah. Kofur bai sha wahala ba, ya tarar da Silvanus zaune a ƙofar gida, ya yi wanka, ya sa takalmi. Bai sa masa ankwa ba. Ya tura kekensa a gaba, Silvanus yana biye, za su taka har bakin titi su jira mota. Mutane suka leƙo ta kan danga, ba wanda ya fito. Zamani ya fito ya bi su. Afiniki ta kira shi, bai juyo ba.

Tun dawowarsa ba su yi magana da ƙanin ba. Suka wuce gonaki, suka wuce wurin da wutar ta ci, inda sabuwar ciyawa ta fara tsirowa kore shar a cikin baƙin toka. Sai da suka kusa titi Silvanus ya yi magana, bai ɗago kai ba.

"Yaya, yaya wurin yake?"

Zamani ya yi niyyar ya ce ba komai, wuri ne kamar ko'ina. Ya fasa. Ya gaya masa akwai wari, akwai kwarkwata. Ya ce ya gai da kowa, babba da yaro. Ya ci abin da aka ba shi ko ba daɗi, kada ya yi irin tasa wautar. Idan aka tambaye shi a kotu, ya faɗi yadda aka yi daidai, da ramin, da iskar, kada ya rage kada ya ƙara.

"Za su kashe ni?"

"Ban sani ba," in ji Zamani. "Ba na zato."

Mota ta zo. Kofur ya ɗora keke a sama, ya ce wa Zamani ba sai ya bi su ba. Ya ce zai bi. Ya zauna kusa da ƙaninsa har Kafanchan, kafaɗa na gugar kafaɗa. A ƙofar caji ofis wani ɗan sanda ya sa hannu ya tare shi, ya ce iyakarsa nan. Silvanus ya shiga. Zamani ya tsaya a waje, a titin da ba wanda zai hana shi bi duk inda ya so, ya rasa inda zai nufa.